Shatin Bel a Kafaɗar Dama

A shekarar da aka canza takardun kuɗi a Najeriya, mutane suka yi ta cincirindo a ƙofar banki, a shekarar ce China ta sake buɗe ƙofofinta bayan annobar korona. 'Yan kasuwarmu da suka watse suka fara dawowa Guangzhou da ɗai-ɗai. Ni dama ban tafi ba. Ina nan a ɗan shagona na benen Tianxiu, ina haɗa wa mutane kaya, ina rubuta sunan kowa a jikin kwalinsa da ajami, don shi hannuna ya saba da shi tun ina yaro a Kano.

Akwai wani aiki kuma da ya faɗo kaina ba tare da na nema ba. Idan Bahaushe ya rasu a garin, ni ake kira wankan gawa. Na koya ne wurin malamina, Allah ya jiƙansa. Kafin ya nuna mini yadda ake zuba ruwa, sai da ya ja kunnena ya ce idon mai wanka kabari ne. Aibun da ka gani a jikin mamaci, ka bar shi ya tafi da abinsa. Idan alheri ka gani, wannan kana iya faɗa.

Maƙwabcina a benen wani Alhaji ne mutumin Maraɗi, mai saro riguna daga kasuwar Shisanhang. Hausa yake ji da Faransanci. A Sinanci bai wuce ya ce lawban, wato maigida, ba, sai meyo, wato babu. Yana riƙe da ɗan ƙaninsa, maraya, wanda uwarsa ke Maraɗi. Yaron dogo ne na gaske, kuma saboda ƙwallon kwando wata jami'a ta garin ta ɗauke shi. Duk Juma'a yana zuwa gaishe mu, sai ya sunkuya yake shiga shagona.

"Malam," in ji shi, "in za ka sauko da kwali daga sama, kar ka wahalar da kanka neman tsani. Ka jira Juma'a."

Abokinsa a ƙungiyar ƙwallon ɗan wani Alhaji ne mutumin zangon Kumasi, wanda ke ɗora kaya a jirgin sama daga filin jirgin Baiyun. Wannan Alhajin ya daɗe a ƙasar, Sinanci a bakinsa kamar ruwa. Shi ne tafintanmu duka. In asibiti ne, shi; in 'yan sanda ne, shi; in mai gida ya tashi ƙara haya, shi. Ba mu taɓa tunanin neman wani ba.

Wata Asabar ƙungiyar yaran ta ci wasa, suka tafi walimar cin abincin rana. A hanyar dawowa, kafin la'asar, motar da su biyun suke ciki ta daki kankaren gada a hanyar Baiyun. Dogon Maraɗi ya cika kafin a kai shi asibiti. Ɗan Kumasi ya karye a ƙafa da haƙarƙari, aka kwantar da shi, ɗan sanda na zaune a ƙofar ɗakinsa.

Mu uku muka je ofishin 'yan sanda: ni, da Alhajin Maraɗi, da Alhajin Kumasi. Jami'in ya daɗe yana magana, yana nuna hotuna, yana juya hannu kamar mai riƙe da sitiyari. Da ya gama, Alhajin Kumasi ya juyo ya ce mana, "Ya ce an sha giya. Ana bincike."

"Wa ke tuƙi?" in ji Alhajin Maraɗi.

"Shi ne ake bincike."

A nan na fara jin wani abu ya tsaya mini a rai. Maganar da ta kai tsawon rawani ta dawo mana ba ta fi hankici ba. Amma na ce wa zuciyata wataƙila haka yaren yake.

Asibiti suka ba Alhajin Maraɗi kayan yaron a cikin leda. Ya buɗe a gabana. Rigar wasansa ce, warin giya ya buge mu tun kafin ya fito da ita. Ya ɗaure ledar a hankali, ya zauna a kan benci. Kowa a Tianxiu ya san dogon ne ke tuƙa abokansa duk lokacin da suka fita, don shi ne ba ya sha. Sai mutane suka haɗa wannan da wancan: shi ke tuƙi, kuma ashe yana sha a ɓoye. Alhajin Kumasi bai faɗi haka da bakinsa ba. Bai kuma musa ba. A zaman makoki da muka yi a barandar bene, da addu'a ta zo kansa, sai ya ce, "Allah ya yafe masa kuskurensa," idonsa na ƙasa. Aka ce amin. Ni ma na ce amin, amma ina kallonsa.

Labarin ya riga gawar isa Maraɗi. Waya ba ta da rufin asiri. Matan da ke zuwa yi wa uwar gaisuwa suna fita suna raɗa cewa ɗanta a buge ya mutu. Ta daina ɗaukar wayar Alhaji.

"Malam, mi zan ce mata?" ya tambaye ni. "Ta ba ni yaro mai salla. Ni na ce a kawo shi nan. Ni ban ma san yadda zan roƙa masa gafara ba, in na ɗaga hannu warin nan nake ji."

Alhajin Kumasi ya ɗauki ɗawainiyar komai. Takardu, akwati, wuri a jirgi, duk shi. Mutane suna ta sa masa albarka. Ni kuwa gaggawar ce ta dame ni. Mutumin da ɗansa ke kwance a asibiti, ina ya sami wannan lokacin? Kuma duk wanda ya ce zai je duba ɗan nasa, sai ya ce likita ya hana.

Da hukuma ta saki gawar, aka ba mu ɗaki a gidan ajiye gawa. Alhajin Kumasi ya naɗe hannun riga ya ce shi zai zuba mini ruwa. Na ce a'a, akwai dattijon da muka saba yi tare. Ya sake cewa, na sake cewa a'a. Ya tsaya daga bakin ƙofa.

Na wanke yaron kamar yadda aka koya mini, dama kafin hagu. Sai da muka haɗa tebur da benci kafin tsawonsa ya samu wuri. A ƙirjinsa akwai shati baƙi, mai faɗin yatsu, ya taso daga kafaɗar dama ya gangara ta gicciye zuwa ƙugun hagu. Na gane shatin bel ɗin mota ne, ban kuma kawo komai a raina ba. Muka sa masa likkafani, aka sallace shi, aka rufe akwati.

A hanyar komawa Alhajin Kumasi ne ya ɗauke ni a motar kayansa. Na zauna a gefensa, na jawo bel. Ya bi ta kafaɗata ta dama, ya gangara ƙuguna na hagu. Na dubi nasa. Ta kafaɗar hagu ya bi.

Sai na gane: shatin nan na mai zama a gefen direba ne, ba dogon ke tuƙi ba.

Na yi kwanaki ina faɗa da kaina. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, haka muka taso muna ji. Na yi istigfari, na ce wa kaina ni ba likita ba ne, ba ɗan sanda ba. Amma duk abin da mutumin ya yi sai ya ƙara mini. Idan ya zo bene, ta ɗaya matakalar yake bi don kada ya wuce ta ƙofar Alhajin Maraɗi. Ya aiko mini da turare mai tsada, wai ladan wanka, abin da bai taɓa yi ba a duk gawarwakin da muka yi tare. Na ajiye kwalbar ban buɗe ba.

Abin da na gani ba aibu ba ne, alheri ne ga mamacin, don haka ba a hana ni faɗa ba. Sai dai alherin nan wuƙa ne a wuyan wani mai rai. Shi kuwa Alhajin Maraɗi ba zai taɓa tambayata ba. Ya san mai wanka ba a tambayarsa, kuma yana tsoron abin da zai ji.

Wata rana bayan azahar na tafi sito ɗin Alhajin Kumasi kusa da filin jirgi. Na same shi yana duba ɗaurin kaya.

"Malam, yau kai da kanka? Kano ba ta yarda da Kumasi ba ke nan, ka zo ƙirga kwalayenka."

"Kwalayena suna hannu nagari. Tambaya na zo da ita." Muka koma gefe. "Alhaji, idan mutum ya zauna a gefen direba, ta wace kafaɗa bel yake bi?"

Ya juya ya dubi bango. Ya ce, "Mai wanka ba ya magana, Malam."

"Ba ya faɗin aibu. Wannan ba aibu ba ne."

Ya zauna a kan kwali. "Wanda ya mutu ya riga ya tafi. Nawa yana da rai."

"'Yan sanda sun sani?"

"Tun ranar. Wace gada ce a garin nan ba ta da kyamara? Shari'a za ta yi abinta da shi, ban isa in hana ba. Abin da na guda shi ne a ce a Tianxiu, a ce a zango, ɗana ya sha giya ya kashe ɗan mutane. Ban yi ƙarya ba, Malam. Shiru na yi."

"Tafinta ba ya shiru, Alhaji. Kunnen mutumin nan a hannunka yake."

Sai ya ba ni labarin yadda ɗansa ya ba shi. Dogon ne ya jefa ƙwallon da ta ba su nasara. A wurin walima abokansa suka juye masa giya a ka, haka suke yi wa gwarzon wasa. Shi lemo ya sha. Da za su tafi ya nemi makulli kamar kullum, ɗan Kumasi ya hana, ya ce motar ubansa ce, kuma shi bai bugu ba. Suka yi ta ja-in-ja. Da dogon ya ga lallai abokinsa tafiya zai yi, sai ya shiga ya zauna a gefensa don kada ya bar shi shi kaɗai.

Na ce, "Ba zan riga ka faɗa ba, don maganar taka ce. Amma akwai mace a Maraɗi da ke kwana da abin da ba haka yake ba. Ba zan tashi da wannan gobe kiyama ba."

Na ajiye masa kwalbar turarensa a kan kwali, na tafi.

Bai zo da wuri ba. An binne yaron a Maraɗi, an yi sadakar arba'in, shari'a ta ɗaure ɗan Kumasi, uban ya ce wa mutane ya mayar da shi gida jinya. Na fara zaton ba zai zo ba, har na fara shirya yadda zan buɗe baki da kaina. Sai ga shi wata rana bayan la'asar, ta matakalar da ya daina bi. Ya leƙo shagona ya ce, "Malam, zo ka zama shaida."

Ya cire takalmi a ƙofar shagon Alhajin Maraɗi, ya durƙusa a tsakanin dilolin riguna.

"Alhaji, ranar nan a wurin 'yan sanda na yi maka tafinta, ban ba ka duka ba. Ragowar na kawo."

Ya faɗi komai, bai rage ba. Alhajin Maraɗi ya juyo ya dube ni. Na ce, "Shatin bel a kafaɗarsa ta dama yake. Na gani da idona."

Bai yi faɗa ba. Hawaye ne kawai ke bin gemunsa, yana ta cewa alhamdu lillahi, a hankali, kamar wanda aka yi wa albishir. Sannan ya ciro waya. A Maraɗi hantsi ne a lokacin. Ya kira wata maƙwabciyar uwar yaron, ya ce ta kai mata wayar, ba shi zai yi magana ba. Ya miƙa wa Alhajin Kumasi.

"Ni ka rage wa magana, amma ita ta fi ni jin jiki. Faɗa mata. Ka ce kuma ta kira matan unguwa su ji."

Alhajin Kumasi ya riƙe wayar da hannu biyu. Da Hausarsa ta zango ya faɗa wa matar ko shi wane ne, da abin da ɗansa ya yi, da abin da shi ya yi. Muna jin kukanta daga inda muke zaune. Da ta iya magana, tambaya ɗaya ta yi: "Bai sha ba?" Ya ce, "Wallahi bai sha ba, Hajiya. Don ya kare ɗana ya shiga motar."

Da aka kashe wayar, Alhajin Maraɗi ya sa hannu ƙarƙashin kanta ya jawo ledar nan, tana nan a ɗaure yadda ya ɗaure ta a asibiti. Ya miƙa masa.

"Ka sa a wanke rigar, ka ɗora ta a jirgi zuwa ga uwarsa. In ta isa, tsakanina da kai babu sauran komi. Tashi, Alhaji, gwiwarka ta gaji."

Ni na rubuta sunanta a jikin kwalin. Rigar ta isa Maraɗi kafin azumi.