Mai Mita da Karen Jikokinsa

Mahaifina mai karanta mitar ruwa ne har ya yi ritaya, shi ya sa ba a san shi da wani suna ba sai Mai Mita. Ko mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, in ranta ya ɓaci haka take kiransa. "Mai Mita, zo ka ga aikinka," in ji ta, ta ɗago wandon aikinsa daga bahon wanki, aljihun dama ya yi baƙi ƙirin da maiƙo.

Maiƙon nan da dalilinsa. Aikin Baba shi ne ya bi gida-gida, ya tsuguna a gindin katanga, ya ɗaga murfin ƙarfe, ya share laka daga gilashin mita da babban yatsa, ya rubuta lamba, ya ƙara gaba. A baki kam da sauƙi. Amma mutum a tsugune, ya ba tsakar gida baya, ai duk karen da ke gidan ya samu yadda yake so. Tun yana sabon shiga wani jan kare ya cafke shi a bayan ƙafa, har yau tabon yana nan. Daga nan Baba ya samo dabararsa. Kullum da safe sai ya yayyanka burodi, ya tsoma a man kifin gwangwani, ya ƙunshe a tsohuwar jarida, ya cusa a aljihu. Da ya tura ƙofa kare ya taso, sai ya wurga guda ɗaya can ƙuryar gida iya ƙarfinsa. Kafin kare ya je ya lashe ya dawo, Baba ya karanta mitarsa ya ja ƙofa. Da haka ya gama aikinsa ba a sake cizonsa ba.

Wannan mu 'ya'yansa ne muka sani. Labarin da jikokinsa suka sani daban ne.

Bayan rasuwar mahaifiyarmu Baba ya zauna shi kaɗai a gidansa, ya ƙi komawa wurin kowa. Abin da ya yarda da shi kawai, kullum da rana ya ɗauko mini yara daga makaranta, ya zauna a farar kujerar roba kusa da famfo, mu ci abinci tare, da yamma ya tafi. Babban ɗana muna ce masa Injiniya, don ba rediyon da ya tsira a hannunsa. Ƙanwarsa kuwa Lauya ce, bakinta ya girme ta. Sai jaririya da ta fara rarrafe. Zuwan nan na kullum shi ya riƙe mini Baba. Da shi nake sanin ya ci abinci, ya sha maganinsa, ya yi dariya a ranar.

A kujerar nan yake zuba musu labarin karnuka. Kai, Baba! Kare mai girman maraƙi ya taso masa, ya dube shi ido cikin ido, karen ya kwanta. Wani kuma tsawa ɗaya ya daka masa ya shige ƙarƙashin mota. Burodi bai taɓa fitowa a labarin ba, tabon ƙafa ma ya koma na faɗuwa daga keke. Ina kicin ina jinsa, in ce, "Baba, a dai rage gishiri." Ya ce, "Ke yi girkinki, da mutanena nake magana."

To ga inda gishirin ya kai mu. Yaran suka tashi haiƙan sai an samo musu kare. Na ce ba da ni ba. Ina da mai rarrafe wadda duk abin da ta tsinta sai baki, wa zai kwashe kashi, wa zai yi masa wanka, wa zai kai shi allura? Injiniya ya dafa ƙirji ya ce shi. Lauya ta ce, "Mama, in ya yi rashin ji ai ga Kaka." Maigidana, mai gyaran firiji, ashe shi ya riga ya gama shawara. Ai kuwa wata yamma sai ga shi da kwalin injin firiji a hannu, kwalin yana motsi. Wani da ya yi wa aiki ne karyarsa ta haihu.

Ɗan kwikwiyo ne ruwan toka, kunne ɗaya a tsaye ɗaya a kwance. Yara suka sa masa Toka. Na yi faɗana na gaji, sannan na kafa doka. Ba ya shiga ɗaki, ba ya kusantar kwanukan abinci, duk wanda ya taɓa shi sai ya wanke hannu da sabulu, kuma ba a barin jaririya da shi ko na ƙiftawar ido. Aka kai shi asibitin dabbobi aka yi masa allura, maigida ya haɗa masa ɗaki da katako a bayan gida. Alkawarin Injiniya kuwa ko mako bai cika ba ya bi ruwa, tsintsiya ta dawo hannuna.

Ranar farko da Baba ya turo ƙofa da yara, Toka ya taho da gudu yana tuntuɓe da ƙafafunsa. Na ga hannun Baba ya zarce aljihun dama, ya tarar ba komai. Ya yi gyaran murya ya ce, "Wannan ai ɓera ne, ba kare ba." Ranar dai ƙafafunsa a naɗe a kan kujera suka wuni.

Washegari da ƙunshin jarida ya zo.

Ni da na san tarihi na gane nan take. Toka ya taso, Baba ya wurga burodi can wajen igiyar shanya, ya yi sauri ya zauna. Abin da Baba ya manta shi ne, a wurin aiki karanta mita yake ya fice, ba ya sake ganin karen sai wani watan. Nan kuwa zama ya zo yi. Toka ya lashe ya dawo ya tsaya a gabansa yana kaɗa jela. Baba ya sake wurgawa. Ya sake dawowa. Kafin la'asar burodi ya ƙare, Toka kuma ya gama yanke hukunci cewa duk duniya ba shi da masoyi kamar wannan tsoho.

Na ce, "Baba, kana korarsa ne ko kana kiransa?"

Ya ce, "Ke ba ki san kare ba."

Haka aka yi ta yi. Baba yana ƙara burodi don a rabu da shi, Toka yana ƙara ƙiba da ƙauna. Ni mai ba shi abinci da kwashe masa kashi ko kallo ban ishe shi ba. Amma tun daga kan kwana yake gane tarin Baba, ya je ya kafa hanci a ƙasan ƙofa yana kukan murna. Wata rana ma ya sulale ya raka shi har gida. Mai shagon kan layinmu ya ce bai taɓa sanin Mai Mita yana da sauri haka ba. Yara kuwa sai fahariya a makaranta, wai kakansu ko magana ba ya yi karnuka ke binsa.

Ana nan Toka ya girma, ya zama kare sosai. Wata rana Baba yana shigowa, kafin ya kai hannu aljihu, Toka ya miƙe ya ɗora masa ƙafafu biyu a ƙirji yana neman lasar haɓarsa. Hular Baba ta faɗi. Ya sandare, idonsa a rufe. Yara suna ta tafi, su a ganinsu wasa ne. Na daka wa Toka tsawa na janye shi. Baba ya ɗauki hularsa ya kaɗe, ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba, ranar ko abinci bai gama ba ya tafi.

Washegari ya bugo waya wai gwiwa ke damunsa. Ranar da ta biyo ma gwiwa. Ya koma kawo yara bakin layi ya juya. Na ce zan ɗaure Toka in zai zo, ya ce shi wa ya ce mini don kare ne? Na je gidansa na tarar da tukunya a bushe, ganyen shayi kawai a kofi, maganinsa ma bai taɓa ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, na kuma tsorata. Na dawo na ce wa maigida, "Ka nemi mai son kare. Ba zan rasa ubana a kan Toka ba." Bai yi musu ba. Ya ce akwai mai garejin da ke kusa da shagonsa, yana neman na gadi. Yara suka ji, gida ya kaure da kuka. Na bugo wa Baba na ce ya sha kuruminsa, ranar Asabar za a tafi da kare.

Ranar Asabar da hantsi na ji ana ƙwanƙwasa ƙofa. Na leƙa, Baba ne, ya sha wanka ya sa hula, ya tsaya nesa da ƙofar kaɗan. Toka yana bayan gida, Injiniya ya rungume shi yana yi masa sallama.

"Wa za ku ba?" in ji Baba, ko gaisuwa babu.

Na faɗa masa.

"Garejin nan? Na san shi. A jikin tsohuwar taya za su ɗaure shi, rana ta ƙare a kansa, ba mai ce masa ci kanka. Irinsu ne ke cizo. Duk karen da ya taɓa bina da mugunta, ɗaurarre ne da aka manta da shi. Wannan kuwa sakarai ne kawai, ba mugu ba."

"To Baba, ya kake so in yi?"

"Ki bar wa yara karensu. So kike su girma suna cewa saboda kakansu aka raba su da shi?"

Na buɗe ƙofar gaba ɗaya na ce, "Na ji. Shigo mu yi maganar a ciki."

Bai motsa ba. Ya dubi tsakar gidan, ya dubi kujerarsa da ke nan inda ya bar ta. Ya shafa aljihu, na ga a lafe yake, yau bai zo da komai ba. Sai ya rage murya yadda ban taɓa jin ya yi mini magana ba.

"'Yata, tsoro nake ji. Tun ranar da aka cije ni ban daina ba. Ba na so yaran nan su gani."

Wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Ashe Lauya tana bayana, ta riƙe gefen zanena, ta ji komai. Baba ya gan ta, fuskarsa ta sauya.

Ta fito ba takalmi, ta tsallaka ƙofa, ta je ta kama babban yatsansa.

"Kaka, ai na sani tuntuni. In Toka ya zo sai ka ɗage ƙafafunka kan kujera." Ta ɗaga kai ta dube shi. "Ni ma da ina tsoronsa. Ba gudu ake yi ba, kuma ba a ba shi komai. Tsayawa za ka yi ka ce masa zauna. Zo in nuna maka, ina riƙe da kai."

Baba ya dube ni, na kau da kai don kar ya ga ina dariya da hawaye. Ta ja shi, ya biyo ta a hankali har suka shigo. Toka ya ji tarinsa, ya ƙwace daga hannun Injiniya ya taho a guje.

"Yanzu, Kaka! Faɗa masa!"

"Zauna," in ji Baba, da wata siririyar murya.

Toka ya yi turus, ya dubi aljihu, ya dubi Lauya, sannan ya zauna daɓas yana share ƙasa da jela.

"Ka gani?" in ji ta. "Gobe ma in ka zo ka kira ni daga ƙofa, zan fito in shigo da kai."

Baba ya ce to, bai kuma saki hannunta ba har suka kai kujera.