Buhun Kashin Ƙarfe Zuwa Zariya

Duk ƙasar Bunkure babu wanda ya taɓa zama malamin malaman jami'a sai ni. Haka na faɗa wa 'yan majalisarmu ana gobe zan tafi, na ce su kalle ni da kyau, don in na dawo sai sun nemi iso kafin su gaishe ni.

Sana'ata zubin tukwanen dalma. In mun narka tsofaffin gwangwanaye da murafen injin ban-ruwa, akwai dattin da ke tasowa a sama, mu kwashe mu watsar bayan maƙera. Kashin ƙarfe muke ce masa. To, 'yata Bilki da ke karatun kimiyya a Zariya ta bugo wayar maƙwabcinmu, ta ce shi take so. Wai za su sarrafa shi ya zama wani gari da ido ba ya ganin ƙwayarsa, sunansa nano, a zuba a ruwan kwata ya tsotse dattin da ke ciki. Malaminta zai tafi da samfurin ɗalibai inda na'urar gwaji take ranar Alhamis. In nata bai iso ba, sai ta maimaita shekara.

Na ce ai ba a kai wa malami shara. Na sa maiɗakina, Hajara, ta tankaɗe tarin nan kaf, na tsince guntaye masu ƙyalli, na wanke su da omo har suna kashe ido, na cika buhu. Baƙar ƙurar da ta zubo ƙasan rariya kuwa, Hajara ta ƙulle a leda, ta ce in kai wa yarinya ta riƙa goge tukunya. Na ce ina ni ina ɗaukar toka zuwa jami'a. Sai kawai ta cusa min a jaka.

Bunkure zuwa Kwanar Gafan

Ana idar da sallar asuba ranar Laraba na hau acaɓa, buhu a tsakaninmu. Muka bi bakin magudanar ban-ruwa ta cikin gonakin tumatur. Nauyin buhun nan ya sa tayar gaba ta fi zama a sama fiye da ƙasa. Na rantse mun yi rabin hanya a kan taya ɗaya. Ɗan acaɓan ya tambaya ko gawar jaki na ɗauko. Na ce ya yi tuƙi a hankali, ilimi ne.

A kasuwar tumatur na karya da koko da ƙosai, na samu J5 mai zuwa Kaduna. Direban, wani Ɗanlami mai haƙorin Makka, ya ɗaga buhu ya dire, ya ce wannan kujerar mutum biyu ce. Ya ba ni wuri a kan ƙarfen da ke bayan kujerarsa. Kafin mu wuce Garun Mallam ƙarfen ya gasa ni, sai na tuna da ledar Hajara, na ciro ta na yi matashi da ita.

Kwanar Ɗangora

Nan aka tsare mu a shinge. Jami'in ya kwance buhu, ƙyalli ya doki fuskarsa, ya ja da baya. Na yi masa lacca a kan nano, abin da na sani da wanda na ƙirƙira nan take, har na ce cokali ɗaya zai wanke dam ɗin Tiga. Ya dube ni, ya dubi Ɗanlami.

"Direba, a ina ka ɗauko wannan?"

"Ranka ya daɗe, da kansa ya zo."

Ya ce mu wuce, Allah ya ba shi lafiya. Fasinjoji suka yi ta dariya har Tashar Yari, inda wata tsohuwa ta saya min rake, wai in samu abin da zan sa a baki.

Zariya

Da azahar na isa Samaru. Bilki ta tarye ni a bakin ƙofa, muka kinkimi buhu zuwa ɗakin gwaji. Malamin nata ɗan siriri ne mai fara'a, ya gaishe ni har da rusunawa. Na kwance buhu da kaina, na ja baya ina jiran yabo.

Bilki ta damƙi guntayen, ta tona har ƙasa. Sai na ga idonta ya kawo ruwa.

"Baba, ina ƙurar?"

Malamin ya yi min bayani a hankali: wannan dalma ce tsantsa, ta komawa tukunya. Abin da suke nema yana cikin baƙin garin da na raba da ita. Motarsa kuma da sassafe za ta tashi, ko na koma Bunkure a guje ba zan dawo kan lokaci ba.

Na nemi kujera in zauna, na jawo jaka don in ciro matashina. Ledar ta ɗan fashe, baƙin gari ya zubo a kan siminti. Bilki ta yi tsalle ta ƙwace ta. Aka ɗora a sikeli, malamin ya ce ya isa har da saura. Yarinyar nan tana dariya tana share hawaye, ni kuwa na ce ai da gangan na yi, gwada su nake.

Na kwana a ɗakin wani ɗan garinmu mai sayar da shayi, washegari na sake kinkimo buhuna, don dalma ba abin yarwa ba ce.

Gida

Na iso da la'asar, lafiya lau, godiya ta tabbata ga Allah, da Ɗanlami, da tsohuwa mai rake. Na zauna a tsakar gida ina ba Hajara labarin yadda malaman jami'a suka kewaye ni suna neman ƙarin bayani. Ashe Bilki ta riga ta bugo waya. Ta bari na gama tsaf, tana tsince shinkafa, sannan ta ce:

"Sannu da hanya, Malam. Nan gaba in zan aika da leda, sai a ba ɗan acaɓa. Shi ba ya kai buhu yawon buɗe ido."