Mai Sanda da Ƙasar Tudun Mahaifinsa

Haihuwa da Karatu

An haifi marigayin da jama'a suka fi sani da Mai Sanda a shekarar 1947, a wani ƙauyen makiyaya da ke kan tudu. Mahaifinsa mai kiwon tumaki ne, mahaifiyarsa kuwa masaƙiyar tabarma. Ƙasar tudun rairayi ce da ta lulluɓe dutse, kaurinta bai wuce tsawon tafin hannu ba, kuma ba ta da riƙon amana: in an yi ruwa da safe, kafin la'asar ta bushe. Saiwar ciyawa kaɗai ke riƙe da ita.

Ya shiga firamare a 1955, ya kammala makarantar aikin gona a 1966. Ranar da ya dawo gida da takardar shaida da sandar ƙarfe ta auna zurfin ƙasa, mahaifinsa ya yi masa nasiha guda: "Ɗana, kada ka auna ƙasar nan a gindin bishiya. Tsagar dutse saiwarta ke bi, ƙarya za ta yi maka." Ya yi murmushi irin na sabon mai ilimi, maganar ta shiga ta kunnen dama ta fice ta hagu.

Aiki da Aure

A 1967 aka ɗauke shi aikin awon ƙasa a ofishin kula da filayen kiwo, kuma sandar da ba ya rabuwa da ita ce ta jawo masa laƙabinsa. A 1971 ya auri 'yar wani maƙeri, mace mai haƙuri da kaifin harshe.

Kuskuren 1974

A wannan shekara hukuma ta yi niyyar mayar da tudun ƙauyensu gona, aka tura shi ya auna. Rana ta take, inuwa ta yi masa daɗi, sai ya kafa sandarsa a gindin bishiyoyi biyar, ta nutse kamu biyu-biyu. Ya rubuta cewa ƙasa tana da zurfi, ya sa hannu. A 1975 tarakta ta tumɓuke ciyawar, garmarta tana kartar dutse. Cikin damina uku ruwa ya kwashe rairayin ya zuba a rafi, ya bar dutse tsirara. Mahaifinsa ya rabu da tumakinsa ɗaya bayan ɗaya, ya rasu a 1979 bai taɓa tayar masa da zancen ba. Wannan shirun ya fi zagi yi masa ciwo.

Shekarun Jigila

Daga 1980 ya ɗaura aniyar mayar da ƙasar inda take. Ya jera katangar duwatsu iya ƙirji a gangaren makiyayar mahaifinsa, yana ɗebo rairayi daga rafi a kan jaki duk ranar hutu, bayan ritayarsa a 2002 kuma kullum. Ya ga bayan jakuna huɗu. Matarsa takan ce, "Maigida, mutane na kawo amfani gida, kai kana kai ƙasa daji." Amsarsa ɗaya ce: "Wanda ya zubar shi ke kwashewa."

Abin da ya tara da rani, damina takan sace rabinsa. Duk ƙarshen damina yakan auna wurin ya rubuta a littafi, kuma ya haramta wa kowa sa fartanya a ciki. Shekara talatin da tara na wahala, filin da ya farfaɗo bai fi ya ƙosar da tumaki goma ba. A ƙarshe gwiwoyinsa suka ƙi, bayansa ya ranƙwafa, har ya taɓa ce wa babbar 'yarsa, "Na gaji, 'yata. Ruwa kuwa ba ya gajiya."

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa a 2019, yana da shekara saba'in da biyu. Masu haƙar kabari suka gwada wuri uku a maƙabartar ƙauyen, ko'ina diga na dukan dutse, domin ita ma ruwa ya wanke ta. Sai matarsa ta ɗauko sandar daga bayan ƙofa, ta miƙa wa babban ɗansu ta ce, "Je ka bayan katangar babanku." Ya kafa ta, ta nutse har mariƙinta. A nan aka binne shi, cikin ƙasar da ya ɗauko da hannunsa.

Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya huɗu: babbar 'yarsa ungozoma, babban ɗansa direban motar ruwa, mai bi masa malamin makaranta, sai auta, tela. Ya kuma bar littafin awonsa, wanda layinsa na ƙarshe ke cewa: "Kamu uku. Ba a gindin bishiya ba."