Shinkafa a Cikin Kyamara

Somto mai gyaran waya bai san sunan mutumin ba. Dogon mutum ne, ya ba hamsin baya, hularsa ta koɗe, ƙafarsa da kaushi irin na wanda ya saba da fadama. Yana tsaye gaban shagon a kasuwar Birnin Kebbi, rungume da kwali kamar mai ɗauke da jinjiri.

Abin da ke ciki jar kyamara ce mai kama da gwangwanin madara, irin wadda ake ɗaura wa madubin hangen nesa a ɗauki hoton taurari. Tana da 'yar fanka mai sanyaya ta, fankar kuwa ta ƙi juyawa. Ta hannu ce, in ji shi. Amininsa na Argungu ne ya sayar masa, har da rantsuwar ko yayyafi bai taɓa ta ba.

Somto na kwance murfin sai ga tsatsa, sai ga ƙwayar shinkafa uku sun faɗo kan tebur.

"Baba, wannan ai ruwa ta sha. A shinkafa aka binne ta don ta bushe."

Mutumin ya tsince shinkafar daga kan teburin. Yana juya ƙwaya ɗaya a tafin hannu, yana kallonta yadda Somto ke zaton yake kallon sama, a natse, ba ƙiftawa.

"Wagga ta gonata ce," ya ce a hankali. "Da kaka, ni da kaina na kai mai buhu."