Motar da Ta Daina Ja Hagu

Kawuna direba ne, ko da yake kamfanin da ya yi wa tuƙi ya sallame shi shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Da zai tafi suka sayar masa da motar da ya fi sabawa da ita, wata fara mai ƙofa huɗu, uku daga ciki suna buɗewa. Ita ke kai matarsa, Inna, asibiti, ita ke kwaso jikoki daga makaranta, saboda ita kuma ake cewa "a kira Kawu" duk sanda tafiya ta taso a dangi. Mai shekara saba'in ba kasafai ake nemansa haka ba.

Motar tana ja hagu. Kowa ya sani ban da Kawu. In ka zauna kusa da shi za ka ga sitiyarin a karkace, hannunsa na dama ya danne shi kamar mai riƙe da akuya mai gardama, mota kuwa tana tafiya sak. Tayoyin gaba ta ciki suke cinyewa, gefen waje sabo fil, na ciki sumul kamar tafin hannu. Kawu ya ce laifin masu yin taya ne, yanzu rabi kawai suke zuba wa roba ta ƙwarai. Batun iska kuwa bai yarda da geji ba. Shurin taya yake yi da ƙafa, ya saurara, ya ce ta ƙoshi.

Wata Asabar babbar 'yarsa, wadda duk gidan ke kira Nas saboda aikinta, ta ari motar. Ta kai ta gareji aka yi mata saitin ƙafa, aka daidaita iskar tayoyi huɗun yadda aka rubuta a jikin ƙofa. Ba ta gaya wa kowa ba, don ta san ubanta: gara ka zagi hularsa da ka ce motarsa na da ciwo.

Ran Litinin Kawu ya kwashe kwandon sharar maƙwabcinsa, wanda ke gefen dama. Ran Talata ya goge wani babur da ke tsaye yana hutawa, shi ma a dama. Da yamma aka zauna a falo. Nas, da ta san mota lafiyarta ƙalau, ta yi lissafi mai kyau ta isa inda bai kamata ba: tsufa ne ya kama direban.

"Baba, ran Juma'a kai za ka kai ni aiki," in ji ta. "In motar nan ta kauce ko da taku ɗaya ne, makulli ya dawo jakata."

"Ni da na koya miki tuƙi?"

"Shi ya sa na san ba haka kake yi ba."

Kawu ya sake tabarau. Ya sake takalmi. Ya sa matashi a kujera, ya cire. Ran Laraba ya ɗauke ni muka tafi wajen Dogo mai faci, wanda ke aiki ƙarƙashin wata bishiya da injin iskarsa da bahon baƙin ruwa. Dogo ya bi tayoyin da geji, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi.

"Baba, wa ya taɓa maka mota? Iska talatin da biyu a kowace taya. Ga kuma sabon shatin sifana a ƙafar gaba."

"Ba wanda ya isa."

"To aljanun da suka yi aikin nan sun iya saiti."

Muka hau miƙaƙƙen titin bayan masana'anta, Dogo a gaba, ni a baya. Dogo ya ce ya saki sitiyari. Kawu ya saki, mota ta miƙe kamar an ja zare. Ya kama, ta nufi kwalbati. Ya saki, ta miƙe. Sau huɗu. Sai ya tsaya ya ɗaga hannayensa yana dubawa gaba da baya.

"To yanzu ita ce ta lalace ko ni?"

"Ita ta warke, Baba. Hannunka ne labari bai kai masa ba. Ba shi mako uku."

"Kwana biyu gare ni, ɗan nan."

Dogo ya sosa ƙeya. Ya sauka ya danna bakin tayar gaba ta hagu, iska ta yi ta fita, Kawu na kallo kamar ana zare masa jini.

"Yanzu za ta ɗan ja hagu. Amma ka sani, taya mai laushi gefe biyu take cinyewa, tana zafi, tana shan mai, birki ma ba ya kama ta daidai. Kada ka yi gudu, kada ka fita gari. Duk Asabar ka zo in ƙara kaɗan."

Ran Juma'a, ina zaune a baya, Kawu ya kai Nas aiki kamar a kan layin dogo. A bakin ƙofar asibiti ta yi ajiyar zuciya.

"Ka gani ko, Baba? Saitin da na sa aka yi mata ne ya fara aiki. Riƙe makullinka."

Kawu ya juya mota. Muna kan hanyar komawa ya waiwayo, mota ta ɗan yi hagu, ya maido ta.

"Kai da ka yi karatu," in ji shi, "Nas ta gyara, na kasa tuƙi. Dogo ya ɓata, na iya. Ita kuma ta ce gyaranta ne. To gobe Asabar, in na je wajen Dogo, gyara zai yi ko ɓatawa?"

Na ce ya duba gabansa, akwai kwana.