Lakar Cikin Ƙundu

A shekarata ta biyu a Manchester, karatuna duka ya koma kan cikin wani kifi da Turawa ke kira mullet. Yana zama a bakin kogi, inda ruwan daɗi ke haɗuwa da na teku, yana tsotsar laka, ya tace gansakuka da ruɓaɓɓen ganye daga ciki. Yana da ƙundu irin na kaza. Aikina shi ne in tsaga ƙundun, in shimfiɗa lakar a gilashi, in duba ta a madubin ƙara girma, in ga abin da ya ci. Wani lokaci nakan shagala da kallonta, har in manta da rubutu.

Ran wata Asabar, sanyi ya fara shigowa, na dawo daga bakin teku da kifi goma sha biyu. Su ne na ƙarshe, don mullet kan bar kogi da hunturu, kuma da su zan rufe babin binciken digirina da supervisor, malamin da ke duba aikina, ke jira. Lab, ɗakin bincikenmu, a rufe yake, sai na sa su a firijin gidan da nake haya a Whalley Range. Ban rubuta komai a jikin ledar ba, gajiya ta hana ni. Washegari na tafi Birmingham sunan ɗan yayana.

Mai gidan namu Hajiya ce daga Ghana, wadda ba ta iya ganin kifi da ƙaya a jikinsa ta wuce. Da na dawo ran Litinin da la'asar, tun daga ƙofa na ji ƙamshin suya.

"'Yata, wa ya koya miki ajiye kifi da hanjinsa?" in ji ta. "Boko duk ya cinye ki. Na gyara miki."

Na jingina da bango. "Hajiya, ina kayan cikin?"

"Kin ɗauka ban san kifin ba? A Accra ƙundun nan muke rububi." Ta buɗe wani kwano. Ga su nan, goma sha biyu cif, an tsaga kowanne, an wanke shi tas. "Lakar da ke ciki, sai da na sake ruwa sau uku."

Na leƙa sink, wurin wanke-wanken. Ta wanke shi ma.

Na fara yi mata bayani, sai na ga hannuwanta sun yi jawur da ruwan sanyi, na fasa. Ta zuba mini kifi da yaji, ta ɗora ƙundu uku a gefe, ta zauna tana kallona. Na ci. Yana da daɗi, har yau ban yafe wa bakina ba.

Da safe na rubuta wa supervisor cewa babin sai bazara, in kifin ya dawo. Kullum bas kan bi da ni ta Rusholme zuwa lab, in zauna gaban gilashin da babu komai a kansa. Hajiya kuwa, har sanyi ya wuce tana tambayata yaushe zan ƙara kawo irin kifin nan.