Ƙurar da Ba a Agogo Take Ba

Shekara talatin da ɗaya Babanmu yana gyaran agogo a ƙarƙashin matakalar wani bene. Duk layin "Saura Minti Biyar" ake kiransa, don ko jiya ka kawo agogonka ko bara, amsar ke nan. Idonsa na dama shi ne jarinsa. A nan yake maƙala ɗan gilashin ƙara girma, na hagu kuwa a runtse yake har a tashi aiki. Agogon bango goma sha huɗu ne rataye a bayansa, babu biyun da suka taɓa yarda da juna. Ga kyanwa a ƙarƙashin tebur, shi ke kwashe mata ƙazanta, ya kaɗe hannu ya ɗauki burodinsa.

Wata Litinin ya ga ƙura a cikin agogon wata malamar makaranta. Ya hura, ya goge, ƙura na nan. Sau uku ya kwance agogon nan filla-filla. Ya zagi gilashinsa, ya sayo sabo. Ran kwana na tara ni, babbar 'yarsa, na biyo ta wurin, na tarar yana goge farar takarda da hankici.

"Baba, me kake gogewa?"

"Ba ki ga baƙaƙen abubuwan nan suna yawo ba?"

Takarda fes take. Na ce ya rufe idon dama ya duba da na hagu. Ya duba, babu baƙin abu ko ɗaya.

"Tashi, Baba, asibiti."

"Saura minti biyar."

Na tattara hantsakinsa da sukudirebobinsa na zuba a jakata. Dole ya biyo ni yana faɗa.

Likitar ido ta ɗiga masa magani, ta haska fitila, ta daɗe tana leƙe. Ta ce wata 'yar ƙwayar cuta ce, toksoplasma. Ana ɗaukarta a kashin kyanwa, ko naman da bai dahu ba, ko ganyen da ba a wanke ba, ta kwanta shekaru sannan ta farka. Yanzu ta kumbura can bayan idon, dab da tsakiyar gani.

"Baba, in ta ƙara matsawa, wannan idon ya gama da agogo. Ƙwayoyi ne na sati shida, safe da yamma, ba tsallake."

Shi kuwa da na hagunsa yana can yana kallon hannunta. "Likita, agogonki ya tsaya."

"Na mahaifiyata ne. An kasa gyara shi."

Washegari Baba ya yi abin da bai taɓa yi ba: ya daidaita agogunan nan goma sha huɗu. Ƙarfe takwas na safe sai su buga a tare, matakala ta ɗauka, mai aski na tsallaken titi ya leƙo da almakashi a hannu yana cewa, "Magani, Saura Minti Biyar!" Na yamma ni ke tsare shi a waya har in ji ya haɗiye. Kyanwa kam ya rantse ba inda za ta, sai dai ya yarda da shebur da sabulu.

A sati na uku ƙurar ta fara raguwa. Ya kira ni yana dariya kamar an yi masa haihuwa.

Da sati shida ya cika, likita ta ce ciwon ya kwanta, ya bar tabo a gefe, tsakiya ta tsira. Ta ce yana iya dawowa, duk ranar da ya ga ƙura ya zo da gudu. Baba ya miƙa hannu kawai.

"Kawo agogon."

Ya shimfiɗa hankici a kan teburinta, ya maƙala gilashi a idon dama. Ya buɗe, ya zaro wani ɗan sukuru da bai kai ƙwayar gishiri ba, ya hura ciki, ya taɓa wani abu da bakin hantsaki. Wajen mayar da sukurun ya suɓuce. Ya sake ɗauka.

Likita ta ce, "Baba, ko ka tafi da shi? Yaushe zan aiko a karɓa?"

"Saura minti biyar."

Na dubi wayata don mugunta. A minti na huɗu likita ta kara agogon a kunnenta, ta ji yana bugawa, hawaye suka cika mata ido. Ni ko na manta asibiti ne, na rungume wuyan Baba ina tsalle, shi yana cewa in yi a hankali kar gilashinsa ya faɗi.